Injinmu yana tari tun watan Maris: mu ƙara zurfi ne ko mu kafa doka?

"Assalamu alaikum. Ni ne magatakardan ƙungiyar manoman rani a wani ƙauye da ke gefen kogin Haɗeja a Jihar Jigawa. Da can in muka buga bututu a fadama, inji yana jan ruwa har damina ta faɗi. Yanzu shekara uku ke nan, da an shiga Maris sai ya riƙa tari yana furzar da iska, rijiyoyin cikin gari biyu kuma sai da sammako ake samun na sha. Masu albasa sun ce masu shinkafa ne suka shanye ruwan, masu shinkafa sun ce laifin dam ne, dattawa kuma sun ce ruwan ƙasa kogi ne, ba ya ƙarewa. Ga matasanmu sun fara sayen sola. Malam, mu ƙara wa rijiyoyin zurfi ne, ko mu kafa doka? In doka ce, wa zai bi?"

Wa alaikumus salam, Malam magatakarda. Abu uku ka ƙunsa a tambayar nan: ina ruwan ya tafi, ko ƙarin zurfi zai dawo da shi, sannan ko mutanen gari za su iya tsara ɗibansa da kansu ba tare da an kai ga gaban alƙali ba. Na daɗe ina bin rijiyoyin fadama da abin awo, kuma shawarata tun daga farko ita ce: bana kada ku ƙara zurfi, kada kuma ku yi gaggawar rubuta doka. Ku nemo igiya da littafi tukuna.

Abin da ke ƙarƙashin fadamarku

Dattawanku ba shirme suka faɗa ba. A zamanin jigo da guga, duk ƙarfin mutum ba ya ɗiban abin da ya fi wanda ƙasa ke mayarwa, don haka wanda ya ce ruwan ba ya ƙarewa, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Sai dai babu kogi a ƙasan. Cika ƙwarya da yashi ka zuba mata ruwa. Zai ɓace maka, amma yana nan tsakanin ƙwayoyin yashin. In ka tona da yatsa za ka ga ya taru a ramin. Fadamarku ke nan, ramin yatsan kuma shi ne rijiya. Wannan shimfiɗar yashi mai riƙe ruwa ita ce makwancin ruwa. Ruwan cikinta yana tafiya, amma tafiyar hawainiya, galibi ba ya cin ko mita ɗaya a yini. Shi ya sa inji yake kwashe na kusa da shi cikin 'yan sa'o'i, na nesa kuma ya ɗauki kwanaki kafin ya iso ya cike gurbin.

Ƙasa ma suna ta tara. A Kano da Zariya da Funtuwa dutse ne a ƙasa, ruwa yana maƙale ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da tsage-tsagensa, har ka ga an haƙa burtsatse a wani gida an samu, maƙwabci ya haƙa ya tashi a tutar babu. Ku kuwa, daga Haɗeja zuwa Nguru da Gashuwa har Maiduguri, kuna kan shimfiɗun yashi da yumɓu na kwarin Tafkin Chadi ne, hawa-hawa. A can sama akwai yashin da kogi ya daɗe yana zubarwa, wanda bututunku ke sha. Ƙwarya ɗaya ce, kowa da bakin da ya kafa mata, har da rijiyoyin cikin gari.

Me yake cika ta? Ruwan saman da ke sauka a yankinku wajen milimita 600 ne a shekara, mafi yawansa kuma rana da tsirrai suke mayar da shi sama kafin ya nutse. Babban mai cika fadama shi ne kogi, musamman in ya tumbatsa ya kwanta a kanta makonni. A nan masu shinkafa suna da abin faɗa. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, duka biyun a saman kogin Haɗeja, kuma sun rage ƙarfin ambaliyar da ke sauko muku. Sun kuma kawo wani abu: ruwan da ake saki da rani ya sa wasu rassan kogin ba sa bushewa, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyi, sai ka ga wani gari ruwa ya cinye masa gonaki, wani kuma reshen da ke ratsa shi ya zama filin ƙwallo. Amma ka lura, dam ɗin ya girmi matsalarku da shekaru masu yawa. Ku kun ce shekara uku. To abin da ya canja a 'yan shekarun nan shi ya kamata a fara tuhuma: inji nawa ne a fadamar da, nawa ne yanzu? Hekta nawa ta koma shinkafa? Reshen kogin da ke kusa da ku ya toshe ne? Tifofi suna ɗiban yashi a cikinsa? Na ƙarshen nan ana raina shi, alhali in aka ƙwaƙule gindin kogi ya yi zurfi, ruwan fadama yakan tsiyaye ya koma cikinsa. Ka kuma tuna da ambaliyar 2022, wadda babu ɗan Jigawa da ya manta. In bayan shekara irin wannan ma injinku ya yi tari a Maris, alama ce ƙwaryar tana cika, kwashe ta ake yi da wuri.

Dalilin tarin inji

Ƙananan injinan fetur da rijiyar bututu sun shigo fadamun Arewa ne a shekarun 1980 ta hannun hukumomin raya aikin gona irin su KNARDA ta Jihar Kano, shirin Fadama na Bankin Duniya kuma ya baza su ko'ina daga 1993. Abin da ba a cika gaya wa manomi ba shi ne iyakar injin. Shi ba jan ruwa yake yi kamar yadda ake jan guga ba. Iskar cikin tiyo yake zuƙewa, sai nauyin iskar sarari ya danno ruwan ya hau. Nauyin nan a lissafi yana ɗaga ruwa mita 10 da 'yan kai, a aikace kuwa da wuya ya wuce mita 7 zuwa 8, wato wajen gaba huɗu. Ko da bututunka ya kai mita 30, in kan ruwan ya sauka ƙasa da gaba huɗu daga inda injin yake zaune, tari zai yi. Zurfin bututu daban, zurfin kan ruwa daban, kuma masu buga rijiya ba za su tsaya yi maka wannan bayani ba, tunda da ƙafa ake biyansu. Inda ƙarin zurfi yake taimako shi ne in tsagogin da ruwa ke bi ya shiga bututun ne suka fito saman ruwa suna shan iska, ko kuma akwai yashi mai manyan ƙwayoyi a ɗan ƙasa kaɗan.

Akwai kuma abin da ke faruwa a gindin kowace rijiya in inji yana aiki. Ka taɓa huda buhun gero daga ƙasa ka kalli samansa? Tsakiyar ce take lotsawa kamar mazurari. Haka kan ruwa yake lotsawa a kewayen bututu. In rijiyoyi biyu suna kusa, mazuraransu sai su haɗe, kowa ya ƙara wa ɗan'uwansa zurfi. Na taɓa raba wata gardama da wannan kawai. Maƙwabta biyu ne suka kai ga daina gaisawa, ɗaya yana cewa asiri aka yi wa rijiyarsa. Muka saka igiya a bututunsa, muka roƙi ɗayan ya kashe injinsa, jama'a na tsaye. Kafin a sha shayi a gama, ruwan ya hau fiye da kamu guda. Aka sake tayar da injin, ya koma inda yake. Daga ranar suka raba: ɗaya safe, ɗaya yamma.

Kafin a zargi kowa ma, a aro lafiyayyen inji da sabon tiyo a gwada a kan bututun. Hudar da ba ta kai ƙwayar dawa ba a tiyon zuƙa tana sa inji tari, haka tsagogin zarto da laka ko tsatsa ta toshe.

Na san dabarar haƙa rami a saukar da injin ciki. Tana ƙaro mita ɗaya ko biyu, amma hayaƙin fetur yana taruwa a rami ya sumar da mutum kafin ya ankara, bangon yashi kuma ba ya sallama in zai rufta. Dabara ta gaba ita ce burtsatse mai zurfi da sumo, wanda yake zaune cikin ruwa yana turo shi, babu ruwansa da iyakar gaba huɗu. Wannan ita nake jin tsoro. Ranar da masu hali uku ko huɗu suka saka sumo a fadama, za su iya sauke kan ruwan zuwa inda injin talaka ba ya kaiwa, guga ma sai an ƙara masa igiya. In kuma mai haƙa ya huda yumɓun da ke raba hawa da hawa bai toshe da siminti ba, ruwan sama mai ɗauke da taki da maganin feshi sai ya samu hanyar gangarawa. Na can ƙasa sosai kuwa tsohon ruwa ne, na dubban shekaru, wanda daminar yanzu ba ta mayar da shi. A Barno, burtsatsen da aka haƙa tun ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960 ruwa ya riƙa feso kansa babu inji, aka bar da yawa suna kwarara dare da rana, ƙarfin ya yi ta raguwa har wasu suka daina.

Sola ba abokiyar gaba ba ce. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, duk wanda ya ga manomi ya koma mata ya san dalili. Amma fetur, duk da tsadarsa, shi ne yake sa mutum ya kashe inji da fangali ya cika. Rana kyauta ce, don haka babu mai tashi ya kashe. Na sha tarar da sola tana zuba a gona mai gonar yana kasuwa.

Ɗan lissafi

Ga gwajin da za ku yi gobe. Ku kafa duro mai lita 200 a bakin tiyo ku duba agogo. A ce ya cika a daƙiƙa 50. Lita 4 ke nan a daƙiƙa, 14,400 a awa, 115,200 a aikin awa takwas. In ka raba da jarka mai lita 25, jarka sama da 4,600 ce, daga inji ɗaya, a yini ɗaya. Ka faɗi wannan a gaban matan da ke sammakon rijiya ka ga yadda taron zai canja.

Yanzu a juya ta ɓangaren ƙwaryar. Yashin fadama ba ya sakin duk abin da ya riƙe. Mu ɗauka yana ba da kashi 15 cikin ɗari na girmansa, wanda adadi ne na tsaka-tsaki ga irin wannan yashi. Saukar kan ruwa da mita ɗaya a hekta ɗaya tana ba da lita miliyan 1.5 ke nan. In da kaka ruwan yana mita 4, inji kuma yana gazawa a mita 7, mita 3 ce jarinku: lita miliyan 4.5 a kowace hekta. Albasa tana shan tsakanin lita miliyan 3.5 da 5.5 a hekta daga dashe zuwa cira. Shinkafar rani a ƙasa mai yashi tana iya cin miliyan 10 ko fiye. Gaskiya ne wani kaso na ruwan da aka zuba yana komawa ƙasa, kogi ma yana ɗan ƙaro wa na kusa da shi, don haka lissafin bai kai yadda ya bayyana muni ba. Duk da haka ya nuna inda aka dosa: fadamar za ta iya ɗaukar shinkafa a wani yanki, ba za ta ɗauke ta a ko'ina ba. Masu albasa ma kada su yi saurin murna. Wanda ke cika fangali har ya malale da tsakar rana a watan Afrilu, shi ma yana cikin masu shanyewa.

Igiya da littafi

Ku zaɓi rijiyoyi biyar ko shida: ɗaya kusa da kogi, biyu a tsakiyar lambuna, ɗaya a gefen tudu, da rijiyoyin garin nan biyu. A shafa fenti a bakin kowacce, daga nan za a riƙa fara awo a kowane karo. A ɗaura guntun bututun ƙarfe ko ƙaramin gwangwani a kife a bakin igiya, yadda in ya taɓa ruwa za a ji ƙararsa, a auna tsawon igiyar da tef ɗin magina. Da asuba za a yi, kafin a tayar da inji, duk Juma'a biyu, rani da damina. Kuskuren da na yi a farkon aikina shi ne na kai wa wani ƙauye na'urar awo mai batir, mai tsada. Batir ya mutu, awo ya mutu. A garin kuwa akwai wata tsohuwa da ta fi na'urar riƙe tarihi, domin igiyar gugarta duk ƙulli ce, kuma tana iya gaya maka wane ƙulli ta ƙara a wace shekara. Tun daga nan ba na fara aiki a gari sai na zauna da masu jan ruwa.

Awo biyu ne suka fi kowanne: na ƙarshen damina, wajen Oktoba, lokacin da ruwa ya kai ƙololuwa, da na ƙarshen bazara kafin ruwan fari. In kowace Oktoba yana komowa inda yake bara, jarinku yana nan, matsalar ta rabo ce da lokaci, kuma tana da sauƙin magani. In na Oktoban ne yake sauka shekara bayan shekara, uwar kuɗi kuke ci, dole a rage abin da ake nomawa ko a gyara hanyar da ambaliya ke shigowa. In kuma rijiyoyin gefe ba su motsa ba sai na tsakiyar lambuna, cunkoso ne kawai, tazara za a gyara. Daga inda nake zaune ba zan iya ce maka ga wanda ya same ku ba, kuma duk wanda ya yanke hukunci bai ga awo ba, canka ya yi. Ruwan ƙasa yana ba masana kunya. A kudu maso yammacin Nijar, kewayen Yamai, kan ruwa hawa ya yi da wajen mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da farin shekarun 1970 da 1980, saboda sare daji ya sa ruwan sama yana gudu ya taru a tafkuna ya nutse.

Dokar da za a bi

Kada awon ya kwana a aljihunka. A rubuta shi da fenti a bangon da kowa ke wucewa. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya, wani shiri da hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa ya koya wa manoman ƙauyuka sama da 600 auna rijiyoyinsu da ruwan sama, su rubuta a allon gari, su zauna kafin noman rani su lissafa abin da ruwan zai ɗauka. Babu wanda aka tilasta, amma da yawa sun sauya abin da suke shukawa. Da kuɗin shirin ya ƙare kuwa, ƙauyuka da dama suka saki awon, wanda shi ya sa nake cewa ku yi da igiyarku, kada ku jira wani shiri. Ƙauyen Hiware Bazar a jihar Maharashtra ya fi tsanani: taron gari ya hana haƙa burtsatse don ban ruwa, ya hana noman rake da ayaba, kuma duk shekara sai an lissafa ruwa kafin a yanke abin da za a shuka. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, da rigimar ruwan ƙasa a yankin Los Angeles ta fara bincikenta, kuma abin da ta yi ta gani a ƙasashe shi ne dokar da masu amfani suka tsara da kansu, suke sa ido da kansu, hukuncinta kuma yake farawa daga ƙarami, ita ce mai daɗewa.

Ku ma ba daga sama za ku faro ba. Limaminku ya san hadisin da ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta, ya san "babu cuta, babu cutarwa", ya kuma san babin harimin rijiya, wato filin da ake keɓe mata a kewayenta, inda mazhabar Malikiyya ba ta yanka wani adadin kamu ba, ta ce abin da zai cutar da ruwan rijiyar shi ne iyaka. Gwajin kashe injin nan da na ba ka labari, shi ne hanyar gane wannan iyakar a fadamarku.

Abin da na gani yana aiki shi ne doka a kan abin da ido ke gani. Ba wanda zai iya ƙirga litar da wani ya sha da dare, amma kowa yana ganin inda aka buga sabon bututu, da faɗin gonar shinkafa, da ranar da aka yi dashe. Don haka ku fara da kaɗan. A kewaye rijiyoyin sha da mashayar dabbobi da fili wanda ba a kafa inji a cikinsa. Sabon bututu sai an sanar da ƙungiya an duba tazara. Shinkafa ta tsaya a ƙasa mai laka kusa da kogi, a kuma yi dashe da wuri don ta nuna kafin zafin Afrilu. Daga Maris a raba kwanaki tsakanin gabas da yamma. Sola a kashe ta in an gama. Sumo don ban ruwa a dakatar da shi har a samu awon shekara biyu. Kududdufai da hanyoyin da ambaliya ke bi ta shigo fadama a bar su a buɗe, a fita aikin gayya a sare kacala.

Ka tambaya wa zai bi. Wanda aka zauna da shi aka tsara. A zaman a sa dagaci da liman da sarkin noma, a sa arɗo domin shanunsa daga ƙwaryar nan suke sha, a sa wakilan mata, a kuma sa masu hayar gona, waɗanda su ne suka fi wuyar sha'ani tunda baɗi ba lallai suna nan ba. Su ta hannun mai gonar za a kama su, a sa sharaɗin cikin yarjejeniyar haya. Hukunci ya fara da jan kunne, sannan tara kaɗan, sannan hana layin ban ruwa. Kuma ka shirya wa wannan: wanda zai fara karya dokar ba ƙaramin manomi ba ne, mai hali ne, wataƙila ma ɗan kwamiti. Yadda kuka yi da shi a karon farko shi zai nuna ko takardar za ta kai baɗi.

Abin da ya fi ƙarfin ƙauye, kamar sakin ruwan dam da yashe manyan rassan kogi, na Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ne da gwamnatin jiha, kuma kun fi samun kunne in kun haɗu da garuruwan da ke sama da ƙasa da ku kun je da littafin awo a hannu. Kashi 15 ɗin da na yi lissafi da shi ma yana son a tabbatar da shi da gwajin jan ruwa a fadamarku, aikin da sashen ilimin ƙasa na jami'a ko ma'aikatan JARDA, hukumar raya aikin gona ta Jigawa, za su iya taya ku. Amma awon farko ba ya jiran kowa. Ku yi shi Juma'ar nan ko da tsakiyar rani ne, mutum biyu su riƙe igiyar, ɗaya mai albasa, ɗaya mai shinkafa, kai kuma ka rubuta.